Gimbiya Ta Rasu da Ƙauyenmu a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, amma ko kusa ba ta karaya ba, ni Sodangi Direba, mai jigilar fasinja tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, a madadin iyalina da dukkan mutanen Tungar Wakili da ke zaman hijira a Kaura da Shinkafi da Zurmi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu dariyar ƙeta waɗanda na san za su riga kowa karantawa, rasuwar na'urarmu ta kallon faifai, wadda duk unguwa ta sani da suna Gimbiya. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata, bayan la'asar, a kan teburinta, a gaban mutum ashirin da wani abu, tana tsakiyar aiki. Shekararta goma sha tara a gidana. Ta kuma rasu da faifai a cikinta, faifan da babu na biyunsa a duniya, kuma saboda shi ne na zauna rubuta wannan takarda.

Na so in buɗe da irin addu'ar da ake yi wa mamaci, sai limamin unguwarmu ya ce in kiyayi bakina, ƙarfe da roba ba su da hisabi. Na bi maganarsa. Don haka ba za ku ga an roƙa mata gafara a nan ba. Waɗanda suke buƙatar wannan addu'ar suna cikin faifan, kuma za mu zo kansu.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa wadda ban iya karanta rubutunta ba. Ta shigo mana ta wajen Maraɗi a cikin kayan wani ɗan kasuwa, na kuma haɗu da ita a kasuwar Shinkafi wata ranar Alhamis. A kujerar gaba na ɗauko ta, naɗe cikin bargo, wani fasinja mai babbar riga yana ta masifa don na hana shi wurin. Matata Hadiza ce ta raɗa mata suna, saboda tun ranar farko ba ta buɗe baki sai an danna sau biyu, a hankali, kamar ana neman izini. Hadiza ta kuma saƙa mata mayafi mai furanni, wanda take rufe ta da shi duk lokacin da ba ta aiki.

Wanda ya taɓa zama da ita ba zai manta muryarta ba. In an danna, sai ta ce "zuuu", ta miƙo harshe. In ta karɓi faifai, sai ta ce "ƙyas", ta yi shiru na ɗan lokaci tana nazari, sannan ka ji "shiii" can ƙasa-ƙasa, hoto ya fito. Wannan ita ce maganarta gaba ɗaya, shekara goma sha tara, kuma ba ta taɓa katse wa kowa zance da ita ba.

Halayenta na kirki suna da yawa, zan faɗi waɗanda na iya. Ba ta taɓa tambayata data ba. Ba ta taɓa cewa in fita tsakar gida in ɗaga ta sama don ta kamo sabis ba. Ba ta taɓa tsayar da fim a tsakiya don ta tallata mini maganin basir ba, ba kuma a taɓa kiran wani ta cikinta ana tsaka da wa'azi ba. Ba ta da tsirfar abinci. Fim ɗin Hausa, na Indiya, dambe, kokawa, tafsiri, duk abin da aka ba ta ci take yi, har faifan da ya sha ƙarzuwa a hannun yara, in dai an hura masa iska an goga a gefen riga. Kuma abin da ta nuna maka jiya, shi za ta nuna maka gobe. Faifan da ka saya naka ne. Kana iya riƙe shi a hannu, ka ara wa maƙwabci, ka je ka yi masa rashin mutunci in ya ƙi dawo da shi, ka mutu ka bar wa 'ya'ya. Ku gaya mini wanda ya taɓa gadon fim ɗin da ke cikin waya.

Ta kasance mai haɗa zumunci. A zamaninta gida ɗaya abu ɗaya yake kallo, a yi dariya tare, a zagi mugun cikin fim tare, tsohuwa ta yi ta ba jaruma shawara daga kan tabarma. Yanzu ku shiga kowane zaure ku gani, mutum shida, wuya shida a lanƙwashe, kowa yana murmushi shi kaɗai kamar mai taɓin hankali.

Ba zan ɓoye aibinta ba, don ba ta yi zaman ƙarya ba, ba zan yi mata shaidar ƙarya ba. Da girma ya fara kama ta, takan sandare. Sai jarumi ya buɗe baki zai yi magana, ya tsaya a haka, haƙora waje, har a gama shan kofin shayi. Maganin abin sananne ne a gidana: a dafa ta a gefen hagu da tafin hannu, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Wanda ya doke ta da ƙarfi, a ranar ya gama kallo a ɗakina.

Ta ga maƙiya a rayuwarta, kuma babbansu daga cikin gida ya fito. Shamsuddeen nake nufi, ɗan ƙanwata Rahina, mai rumfa a bakin tasha inda yake tura wa mutane fina-finai a memori. Yaro ne mai ladabi a komai, ban da wannan. Duk zuwan da zai yi gaishe ni sai ya kalli teburin ya ce, "Kawu, wagga aba har yanzu tana numfashi? Zamanin faifai fa ya wuce. Ka bari in zuba maka ɗari biyu cikin abin da bai kai farcenka ba." Nakan ce masa abin da bai kai farce ba, kaza ma tana iya haɗiye shi.

Sai ga shekarar da aka rufe sabis ɗin waya a Zamfara. Ba sai na tuna wa kowa ba. Waya ta koma fitilar neman takalmi. Rumfar Shamsuddeen ta tsaya cik, babu sabon fim da zai sauko, tsofaffin kuwa kowa ya haddace su. Ni kuma na ciro batirin motata, tunda hanya ma ba a cika bi ba, na haɗa wa Gimbiya da talabijin, na shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida. Makonni aka yi ɗakina ba masaka tsinke. A sahun gaba, ƙafa a naɗe, hannu a haɓa, wa kuke tsammani? Shamsuddeen ne. Kallonsa kawai nake yi har sai ya sunkuyar da kai.

Yanzu bari in zo kan faifan, don wanda bai san mu ba ya gane girman rashin.

Mu mutanen Tungar Wakili ne, wani ƙaramin ƙauye can gaba da Gurbin Bore. Ni tuƙi ya kawo ni Kaura tun ina saurayi, amma dangina duk suna can suna noman gero da dawa. Shekara goma sha shida da suka wuce ƙanina Hamisu ya yi aure, na ɗauko mai kyamara daga Gusau don in burge. Da faifan ya fito sai da na yi masa faɗa. Minti hamsin da takwas, amma ango bai samu goma ba. Mutumin ɗan birni ne, komai ya gani sabo ne a wurinsa, sai ya yi ta ɗaukar rumbuna, da rijiya, da tsamiyar bakin masallaci, da mata suna daka, da tsofaffi a kan dakali, har jakuna. Na ce ya ɓata mini faifai da shirme. Ina neman afuwarsa a bainar jama'a, duk inda yake.

Shekara bakwai ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu. Babu kowa a Tunga yanzu. Waɗanda suka leƙa sun ce rumbunan sun rushe, ciyawa ta cinye hanyar rijiya. Mutanen da ke cikin faifan nan kuwa, na daina ƙirga waɗanda babu su. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Shi ya sa tun da jama'armu suka taru a Kaura, kowace Juma'a bayan la'asar ake haɗuwa a gidana. Ba a sa fim ranar. Faifan bikin Hamisu ake sawa, daga farko har ƙarshe, kowa yana jiran wurinsa. Wani ƙofar gidansu yake jira, wata kuma muryar uwarta a cikin masu guɗa. Akwai yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su san Tunga ba sai a talabijin ɗina.

A cikin masu zuwa akwai Gwaggo Hannatu, matar ƙanin mahaifina, wadda take takowa da sanda daga bayan kasuwa. Ɗanta guda ne a duniya, Mubashir, magidanci ne mai shanun huɗa, kuma a gona aka kashe shi daminar da ta gabaci tashinmu. Hotunansa duk a wayarsa suke, wayar kuma ta tafi da waɗanda suka kashe shi. Ko na katin zaɓe ba a samu ba. Amma a minti na hamsin da ɗaya na faifan nan, lokacin da makaɗa suka shigo fili, Mubashir yana wucewa ta bayansu da dogon benci a ka. Sai ya juyo, ya ga kyamara, ya yi dariya, ya faɗi wata magana da kiɗa ya danne, ya wuce. Duka-duka bai fi numfashi uku ba. Kowace Juma'a in aka zo nan, Gwaggo takan ce, "A mai da shi baya." Sai in danna rimot. Sau uku ake mayar mata, babu mai tari, babu mai motsi, kuma Gimbiya ba ta taɓa sandarewa a wannan wuri ba.

Na san abin da masu wayo za su ce: me ya sa ba a tura shi a waya ba? An tura. Shamsuddeen da kansa ya kwafe shi shekara huɗu da suka wuce, lokacin yana da tsohuwar kwamfuta mai cin faifai, ya zo yana cewa ya ceci tarihi. Kwafi biyu ya yi. Ɗaya yana cikin memorinsa, wanda aka wayi gari wata safiya ya ce shi fa sai an wanke shi tas kafin ya sake aiki, aka wanke shi da Tunga da komai. Ɗayan yana wayar Hamisu, wadda ta zame daga aljihunsa ta faɗa kogin Gagere. Faifan da aka ce zamaninsa ya wuce shi ne ya yi jana'izar su biyun, ya koma jakarsa.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali, kuma zan faɗa dalla-dalla don a daina ƙishin-ƙishin.

Mutanenmu na Shinkafi ba su iya zuwa kowace Juma'a, saboda halin da hanya take ciki. Don haka lokaci-lokaci nakan ɗauki Gimbiya da faifan in kai musu. Zuwan da na yi na ƙarshe, bayan an gama kallo, na cire faifan na ajiye a kan tabarma don in naɗe wayoyi. Saman faifan fari ne fat, rubutun da mai kyamara ya yi ya daɗe da gogewa. Ashe a cikin jama'a akwai wani manomi da ke bi gida-gida yana tattara matattun faya-fayai, yana rataye su da zare a gonar gero, ƙyallinsu yana korar tsuntsaye. Abin da duniya ta mayar da su ke nan yanzu. Ina juyowa na ga faifan a hannunsa zai jefa a buhu. Ban san lokacin da na tsallake mutum uku na fizge shi ba.

Da na dawo na ba Hadiza labari, sai ta dafe ƙirji. Hadiza kuwa mace ce da ta yi shekara talatin tana kai kwanoni gidan biki da gidan suna, kuma ko murfi bai taɓa ɓace mata ba. Sirrinta shi ne shaida. Kowane kwano nata, in ka kifa shi, za ka ga ɗigo uku na jan-farce a gindinsa. Duk matan unguwa sun san ɗigo uku na gidan Sodangi ne. Ranar Alhamis, ina kan hanya, ta ɗauko faifan, ta yi masa abin da take yi wa duk abin da ba ta son rasawa. Ta kifa shi, don shaida a gindi ake sa ta, ba a fuska ba. Ta ɗiga masa jan-farce uku a gefen mai ƙyalli, can kusa da baki, ta hura har ya bushe, ta mayar da shi jakarsa, hankalinta kwance.

Nawa laifin kuma ga shi. Shekara goma sha shida ban taɓa sa faifan nan ba sai na juya shi na duba, na hura, na goga a riga. Ranar Juma'ar nan taya ta fashe mini a hanya, na iso a makare, na tarar ɗaki ya cika, Gwaggo tana zaune ta jingine sandarta. Na zaro shi na miƙa wa Gimbiya ban duba ba. Ta ce "zuuu". Ta ce "ƙyas". Ta karɓa ba ta yi musu ba.

Minti hamsin ta yi lafiya lau. Muka wuce rijiya, muka wuce tsamiya, muka wuce masu daka. Makaɗa suna shigowa fili sai hoto ya tsaya. Muka ji wata murya da ba mu taɓa ji daga gare ta ba: "kir, kir, kir." Ta koma baya da kanta, ta sake tahowa, ta sake cijewa a wuri ɗaya. Na dafa ta a gefen hagu. Ta matsa kaɗan, hoton ya farfashe gida-gida, ya haɗu, ya sake farfashewa. A nan ya kamata in kashe ta in duba. Na sani, kuma zan mutu da sanin haka. Amma na waiga na ga Gwaggo ta miƙo wuya gaba, leɓenta yana motsi, sai na sake dannawa. Na kuma dannawa. Gimbiya ta yi ta ja, "kir, kir, kir", jikinta ya ɗau zafi har ana ji daga nesa, tana ci gaba taƙi-taƙi, har ta kai inda kan bencin ya leƙo daga gefen talabijin. Kan bencin kawai, mai ɗauke da shi bai shigo ba. Sai ƙaurin roba ya tashi. Ta ce "ƙit". Koriyar fitilar goshinta ta mutu, na danna sau biyu a hankali kamar kullum, bakinta bai buɗe ba.

Sai muka ji muryar Hadiza daga bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ni na sa mishi shaida jiya. Irin ta kwanonina. Don kar shi ɓace muna." Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Ina so a ji wannan da kyau. Duk wanda ya yi wa matata dariya a kan wannan, ko a gidan biki ko a bakin famfo, kada ya sake shiga motata ko da ita kaɗai ta rage a tasha. Ta ga abu mai daraja zai salwanta, ta tsare shi da hanyar da ba ta taɓa ba ta kunya ba. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ni da na san faifai ciki da waje, ni ne na ƙi dubawa, ni ne kuma na yi ta dannawa.

Ranar Asabar na naɗe gawar a mayafinta na zaga da ita Kaura. Masu gyara huɗu na je wa, duk sun koma gyaran waya, ɗaya ma tambayata ya yi wannan mece ce. A ƙarshe na dangana da Maitama mai gyaran rediyo, dattijon da ke wata rumfa a ƙuryar kasuwa, shi da tulin rediyoyin da masu su suka manta da su. Ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya kwance ta da sukundireba, kusa bayan kusa, yana jera su a murfin kwalba. Ya ɗago faifan da yatsu biyu, lafiyarsa ƙalau, bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, ga ɗigo uku jajaye a cikinsa. Sannan ya duba marigayiya ya girgiza kai. Ya ce, "Sodangi, sai haƙuri. Idon ya tahi, injin da ka juya faifan ya ƙone. Ba ni da irinsu, kuma an bar kawo su. Da tana da wayau da ta tsaya tun hwarko, amma ta nace sai ta karanta."

'Yan ba da shawara suka taru a kan jan-farcen. Wani ya ce fetur, wani ya ce kananzir, wani ma ruwan batir ya kawo. Maitama ya kore su duka, ya ce waɗannan za su cinye faifan tare da shaidar. Kwana uku ya yi a kansa da auduga da makilin da ɗan tsinken itace, yana bi a hankali daga tsakiya zuwa baki. Ranar Talata ya miƙo mini. Ɗigon sun fita, sai wata 'yar inuwa da ba a gani sai an karkata shi ga haske. Na ce zai yi? Ya ce, "Ko shina yi, ko ba shi yi, ban iya ce maka. Sai an samu wadda za ta karanta shi."

Da yammacin ranar Shamsuddeen ya zo ta'aziyya, da sabuwar kwamfutarsa a hammata, siririya kamar faranti. Na shirya masa baƙar magana tun kafin ya zauna. Ya karɓi faifan, ya juya kwamfutar gabas, ya juya ta yamma, ya duba ƙasanta, babu bakin da za a sa faifai ko ɗaya. An ƙera ta ba ta da baki. Na buɗe nawa bakin zan yi magana, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Na manta, uwarsa Rahina tana cikin masu daka, a minti na goma sha biyu, kuma bara muka binne ta. Ya ce, "Kawu, gobe ina tahiya Gusau in nema. In babu can, in wuce Kano." Na ce ya je. Na kuma gaya masa sharaɗina: in an samu, ya tura wa wayoyi dubu in yana so, su faɗa kogi ɗaya bayan ɗaya, amma kwafin farko a kan wani faifan za a yi shi, kuma uban yana nan gidana. Jiya ya bugo daga Gusau, ya ce shago tara ya shiga, ana ta yi masa kallon wanda ya zo sayen fitilar ƙwai.

Marigayiya ta rasu ta bar rimot guda, wanda murfin bayansa ya ɓace tun tuni, ana ɗaure batirinsa da roba, yanzu yana kwance a kan tebur bai san wa zai ba umarni ba. Ta bar wayoyi uku 'yan uwa ɗaya, ja da fari da rawaya. Ta bar abokin zamanta talabijin mai ƙaton ƙeya, wanda tun ranar ba ya nuna komai sai shuɗi. Ta bar marayun faya-fayai sama da ɗari uku a cikin akwatin ƙarfe, kuma ina sanar da manoman gero cewa ko ɗaya ba zai je gona ba. Ta bar ni.

'Yan gwangwan sun zo har sau biyu suna tambayar gawa, wai a auna a sikeli. Na uku da zai zo ya taho da wanda zai raba mu.

Ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a gidana da ke bayan tasha, lokacin da muka saba haɗuwa, a ɗakin da muka saba zama. Babu salla, babu haƙa rami. Za a naɗe ta a mayafinta a ɗora a saman kabad, inda za ta riƙa ganin ɗakin. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar abinci. Masu waya za su tarar da kwando a bakin ƙofa kusa da takalma, a ajiye ta nan.

Gaisuwa ɗaya muke karɓa. Akwai lokacin da ba a kai amarya a ƙasar nan sai da irin Gimbiya a cikin kayan ɗaki, kuma ban yarda duk sun mutu ba. Ku duba ƙarƙashin gado. Ku duba saman kabad, da bayan buhunan hatsi, da akwatin da ba a buɗe ba tun sunan fari. Ko ta yi tsatsa, ko bakinta sai an ja da cokali, in dai idonta yana gani, ku kawo ta. Wanda ba shi da halin zuwa ya aiko a gaya mini a tasha. Shinkafi ce, Zurmi ce, Moriki ce, zan zo da kaina, ko yaya hanya take, kuma a kujerar da na ga dama zan ɗauko ta.

Shekaranjiya Gwaggo Hannatu ta tako har gida, ba ranar kallo ba. Ta ce in ba ta faifan ta riƙe. Ta kama shi ta baki-baki da yatsu kamar yadda ta ga ina yi, ta kawo shi kusa da idonta, ta daɗe tana leƙa gefen mai ƙyalli. Babu abin da ake gani a wurin sai fuskar mai dubawa. Can ta ce, "Sodangi, shina ciki har yanzu?"

Na ce, "Shina ciki, Gwaggo."

Ta ce, "To, Juma'a sai a mai da shi baya." Ta miƙo mini, ta ɗauki sandarta.

Tun da ta goya ni ina jariri har na yi furfura ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, kuma ban shirya farawa a wannan makon ba. Duk wanda ke da na'ura ya iso da ita kafin la'asar.

Sanarwa daga Sodangi Direba, bayan tasha, Kaura Namoda.